Fentin Tsomawa da Lantarki: Alhaji, Auna Aikinka Kafin Ka Sayi Tanki

Wani Alhaji mai shagon walda a Suame Magazine, unguwar masu aikin ƙarfe da gyaran mota, nan Kumasi, ya aiko da tambaya. Yana ƙera kujerun ƙarfe da ƙafafun tebur, amma masu sayensa na Accra suna kukan tsatsa tana ɓullowa ta bakin walda tun shekara ba ta zagayo ba. Wani dillali ya kwaɗaita masa injin fentin tsomawa da lantarki, wanda ake kira i-kot. Shin ya zuba abin da ya tara, ya cika da bashin banki?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A ganina, kada ka saya yanzu. Fentin kansa ba shi da aibu. Kamfanin Ford ya fara amfani da shi a Amurka a shekarun 1960, kuma yau shi ne shafin farko a jikin kusan kowace sabuwar mota. Ana rataya ƙarfe a ƙugiya, a tsoma shi cikin tanki mai ruwa tatacce kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, sauran kuma fenti. Sai a saki wutar DC, wato irin ta batir, yawanci tsakanin bolt 100 da 400, na minti biyu zuwa uku. Wutar ce ke jan ƙwayoyin fentin su manne, har cikin lungun walda da bakin bututu inda bindigar feshi ba ta kaiwa. Kaurinsa yakan kai kamar maikiron 20, wato kashi ɗaya cikin hamsin na milimita. Daga nan a ɗauraye, a gasa a tanda mai zafin digiri 160 zuwa 200 na kimanin minti 20.

Inda gizo ke saƙar shi ne tankin ba ya barci. Dole famfo ya yi ta juya ruwan dare da rana, har ranar Juma'a da ranar Sallah. In kamfanin wuta na ECG ya ɗauke wuta famfon ya tsaya na sa'o'i, fentin ya kwanta a ƙasa, ya toshe matatai, tanki guda yana iya lalacewa. Kai ka san abin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya yi wa masu sana'a a 2015. Don haka janareta mai tashi da kansa yana cikin jarin. Haka ma na'urar sanyaya ruwa, domin fentin yana son zafin digiri 28 zuwa 32, ga wutar da ke ratsa shi tana ƙara ɗumama shi, ga kuma zafin garinmu.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi. Tanki mai tsawon mita 2, faɗi mita 1, zurfi mita 1 yana cin lita 2,000. In fenti ya kai kashi 18, kana da kusan kilo 360 a ciki. Murabba'in mita ɗaya yana shan kusan giram 30, ke nan sai ka shafe murabba'in mita 12,000 kafin fentin tankin ya sabunta gaba ɗaya. In kana son hakan cikin wata uku, sai ka riƙa tsoma murabba'in mita 150 kowace ranar aiki. Auna kujerarka ɗaya da tef, ka ga kujeru nawa ke nan a yini. In aikin bai kai ba, fentin zai tsufa a tanki, ƙwayoyin cuta su shiga, shafin ya fara fitowa kaushi-kaushi, alhali da dala ka saye shi ta tashar Tema, cinikinka kuwa da sidi ne.

Wani abin da dillalai ba sa gaggawar faɗa: baƙin fentin ifoksi da aka fi tsomawa ba ya jure rana. Yakan koɗe ya yi gari-gari, sai an ƙara masa wani shafi a sama. Ruwan wankin kuma ba a zuba shi a kwata. Hukumar kare muhalli ta EPA za ta so ganin yadda kake tace shi kafin ta ba ka izini.

Ciwonka na gaskiya, Alhaji, yana wajen shirya ƙarfe. Tsatsar bakin walda tana zuwa ne daga ƙurar walda da maiƙon da aka shafe da fenti, iskar gishirin teku ta Accra kuma ta ƙarasa aikin. Ko da i-kot ne, ɗigon man inji ɗaya yana barin ƙananan ramuka a shafin kamar idon kifi. Don haka fara da ƙananan tankuna huɗu ko biyar: na sabulun cire maiƙo mai ɗumi, na ɗauraya, na fosfat ɗin zinki mai sa fenti ya kama ƙarfe, sai ɗauraya ta ƙarshe da ruwa tatacce. Goge kowace walda da garanda kafin tsomawa. Sannan ka sayi bindigar fentin gari, wanda ake fesawa a bushe sannan a gasa, da tanda mai kaiwa digiri 200. Wannan tsarin in wuta ta tafi, kashe shi kawai za ka yi, garin yana nan cikin kwalinsa. Ranar da aiki ya ishi i-kot, tankunan nan da tandar duk za su shiga sabon layin.

Kafin ka taɓa kuɗin banki, ɗauki wata shida kana rubuta murabba'in mitar da ke fita daga shagonka kowane mako. Zagaya makwabta masu ƙera sassan mota da kwanon tipa, ka ji wa zai kawo maka aikin tsomawa da yarjejeniya a rubuce. Shi kuma dillalin, nemi ya rubuta maka farashin layin gaba ɗaya, da rektifaya mai ba da wutar DC da matatar dawo da fenti da injin tace ruwa a ciki, ya kuma faɗi wanda zai riƙa gwada ruwan tankin, da inda mutumin yake zaune.