Me ya sa farfelar ba ta tashi sai an tura ta?

Ɗana, ka ce ƙaramin injin iskar da kuka kafa a Kaltungo yana tsayawa cak alhali ganye na kaɗawa, amma da zarar ka tura shi da gora sai ya kama gudu har batir ya fara caji. Kana zargin janareto. Mai yiwuwa yana da nasa laifin, amma fara duba fikafikan tukuna.

Fiffiken da ke gudu da wanda ke tsaye ba iri ɗaya iska take same su ba. Idan yana gudu, bakinsa, wato ƙarshensa na waje, kan ninka saurin iskar sau shida ko bakwai, yana yankan ta a kaikaice, ita kuma ta bi bayansa sumul ta ja shi gaba. Idan yana tsaye kuwa, gaba da gaba take dukansa, ta tarwatse a bayansa, ƙarfin ya tafi a banza. A wannan hali gindin fiffike ne ke ɗaukar kusan duk aikin, can kusa da cibiya inda ya fi faɗi kuma yake a karkace. Gindi ne ke tayarwa, baki ne ke kawo wuta. Na ga naku a hoton da ka turo: kun fere gindin ya zama siriri don ya yi kyau a ido, kuma daga gindi har baki babu murɗi ko kaɗan. To wa zai tayar?

Ku sake sassaƙawa. Gindi ya yi faɗi, ya karkata kamar digiri 20, karkatar ta riƙa raguwa har ta kusa ƙarewa a baki. Kada zumuɗi ya sa ka karkata fiffiken gaba ɗaya. Zai tashi da wuri, amma ba zai yi gudun da zai cika batir ba. Dubi injin iska mai jan ruwa a rijiya: fikafikansa rututu, 'yar iska kaɗan ta juya shi, sai dai tafiyar hawainiya yake yi. Famfo ƙarfi yake so, janareto kuwa gudu. Shi ya sa muke tsayawa a kan fikafikai uku.

Sai nauyi. Iskar da ke tayar da injin takan zo ta wuce cikin ɗan lokaci, fiffike mai nauyi bai gama shiri ba ta tafi. Bar maɗaci wa masu ƙofa, nemi busasshen malaina, ka rage kaurin baki, ka auna ukun su zo daidai. In ɗaya ya fi nauyi, kullum shi za ka tarar a ƙasa, kuma sai iska ta ɗaga shi kafin komai ya motsa.

Yanzu janareton. Cire wayoyin, ka juya shaf, wato sandar ƙarfen da farfela ke juyawa, da yatsu biyu. In ka ji yana kamawa yana saki, maganaɗisu ne ke riƙe ƙarfen kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin janareto, kuma wannan riƙon ya isa ya hana ƙaramar farfela tashi. Wanda kwayil ɗinsa ba ƙarfe a ciki ba ya yin haka. In a sake yake amma ya yi tauri da ka mayar da waya, akwai inda wayoyin suka haɗu da juna. Ka kuma wanke boris, ƙurar hunturu kan cakuɗe da giris ta daskare.

Kada dai ka kashe kanka a kan iskar da ba ta kai mita 3 a daƙiƙa ba, wutar cikinta ba ta taka kara ta karya ba. Saurin iska in ya ninka sau biyu, ƙarfinta sau takwas yake ninkawa. Ku ƙara wa turken tsawo ya zarce dogon yaron nan da ke gefensa, sannan ka kawo min fiffike ɗaya shago in gani kafin ku sassaƙa sauran.