Tambayi Likita: Jijiyar cikin Baba ta kumbura, kuma an ce mu koma gida

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah a taimaka. Babanmu shekararsa 68, yana da hawan jini kuma ya daɗe yana shan taba, an yi masa sikanin saboda fitsari sai aka ce wai babbar jijiyar jinin cikinsa ta kumbura santimita 4, amma ko allura ba a masa ba, cewa aka yi mu dawo bayan shekara. Anya ba sakaci bane? Yayyena na cewa a kai shi a yi masa ƙaho. Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikis salam, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya ba sakaci bane, haka tsarin yake. Wannan jijiya, awota, ita ce ta taso daga zuciya ta gangaro ta ciki, faɗinta wajen santimita 2 ne, in bangonta ya yi rauni sai ta dinga buɗewa a hankali kamar tsohon tiyo, daga santimita 3 ake ce mata kumburi. Su likitocin tiyata galibi sai ta kai 5.5 ko an ga tana saurin girma suke taɓa ta, don ƙasa da haka haɗarin aikin ya fi na fashewar. To kinga 4 sa ido take so, kar dai a tsallake ranar sikanin.

Maganar ƙaho kuwa, a'a wallahi. Ba mataccen jini bane da za a zuƙe, kuma kar a bar kowa ya danna ko ya murza masa ciki. Abinda ke hannunku shine taba, ita ce kan gaba wajen sa jijiyar girma, a lallaɓa shi ya bari ko da faɗa ne, sannan maganin hawan jini kullum, ba sai kai ya yi ciwo ba kamar yadda mutanenmu suka saba.

In kuwa kwatsam ya ji ciwo mai tsanani a ciki ko baya, gumi ya karyo masa, jiri ko suma, kar a ce olsa ce a tsaya kemis, a wuce babban asibiti take, ku faɗa musu yana da kumburin jijiya. Haka in ciwon a ƙirji ne kamar ana yaga shi yana ratsawa tsakanin kafaɗu, wannan bangon jijiyar ne ke tsagewa, shima ba ya jiran gari ya waye.

Ƙannen Baba maza da suka manyanta su ma su je a duba su, abin yana bin dangi.