Tambaya da Amsa: Shin Yaƙin da Ya Kifar da Gaddafi Yana Bisa Ƙa'ida?

Tambaya: Malam, daga Agadez nake rubutowa. Tun faɗuwar Gaddafi ba mu sake barci da ido biyu rufe ba, bindiga ta zama kamar sanda. Abokina ya ce ai azzalumi ne, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ba da izinin kifar da shi. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, zaluncin Gaddafi ba abin musu ba ne. Fursunoni wajen 1,200 aka kashe a kurkukun Abu Salim a 1996. Amma batun izini kuskure ne, kuma abin takaici har masu sharhi a rediyo suna yaɗa shi ba tare da sun taɓa buɗe takardar ba.

Ƙuduri mai lamba 1973 na Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ake nufi, na ranar 17 ga Maris 2011. Ƙasashe 10 suka amince, har da Najeriya da Gabon da Afirka ta Kudu. Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil suka ƙaurace. Abin da ya halatta shi ne hana jirage shawagi a samaniyar Libiya, da ɗaukar duk matakin da ya wajaba don kare fararen hula, Bengazi, cibiyar 'yan tawayen da suka tayar wa Gaddafi, a kan gaba. Ya ma hana shigar sojan mamaya. Ka karanta shi daga farko har ƙarshe, ba za ka ga inda aka ce a sauya gwamnati ba.

A 19 ga Maris jiragen Faransa suka ragargaza tankokin da suka doshi Bengazi. Wannan ana iya kare shi da hujja. To bayan an ceci garin fa? Ruwan bama-bamai bai tsaya ba har wata 7. Tarayyar Afirka ta kai tayin sulhu a Afrilu, Gaddafi ya ce ya karɓa, 'yan tawaye suka yi fatali da shi domin sun san jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO na bayansu. A 20 ga Oktoba aka buga wa ayarin motocinsa daga sama a Sirte, 'yan tawaye suka zaƙulo shi daga cikin kwalbati suka kashe. Wane farar hula ake karewa a nan? A 2016 kwamitin harkokin waje na majalisar Birtaniya da kansa ya ce an zuzuta barazanar, kuma manufar ta rikiɗe ta koma kifar da gwamnati.

Sai tambayar da ake yawan tsallakewa: wa zai riƙe ƙasa washegari? Babu wanda ya tsare rumbunan makamai. Obama, shugaban Amurka na lokacin, ya amsa cewa rashin wannan tanadi ne kuskurensa mafi muni. Mayaƙan Azbinawa suka koma Mali daga Libiya da lodin makamai, tawaye ya ɓarke a Janairun 2012, kafin wata 3 Kidal da Gao da Tumbuktu sun faɗi. Wasu makaman ta arewacin Nijar suka ratsa, ta ƙofar gidanku.

A hukuncina, kare Bengazi yana da izini, kifar da Gaddafi ba shi da shi. Ka ce wa abokinka ya nemo sakin layi na 4 na ƙudurin, ku karanta tare.