Amsa: Ina ƙaramar ƙungiya za ta nemi tallafi?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce ƙungiyarku ta mata na son gyara asibitin ƙauyenku, amma ba ku san inda za ku nufa ba.

Ku fara da takardu: rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), da satifiket na SCUML (sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC), da asusun banki da sunan ƙungiya, ba na shugabarku ba. Ku riƙa adana rasit ko na buhun siminti ɗaya ne, domin masu ba da kuɗi sun fi duba lissafi a kan daɗin baki.

A ganina, ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ya fi dacewa da ku. Yana da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma kamar ajujuwa, asibitoci da rijiyoyin burtsatse, sai dai ba ya biyan albashi. Ku leƙa Gidauniyar TY Danjuma ma, lafiya da ilimi ne aikinta. Gidauniyoyin MacArthur da Ford na Amurka sun fi hulɗa da ƙungiyoyin da suka daɗe, hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, kuwa an rufe ta a 2025.

Don Allah, duk wanda ya turo muku saƙon WhatsApp yana neman kuɗin fom, ɗan damfara ne, kada ku ba shi ko sisi.