Hukuncin cin bashin kati da data, da wanda ya bar layi da bashi a kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kasuwa ne, kuma kusan duk harkata ta waya ce. Idan kati ya yanke mini ina tsakiyar magana da abokin ciniki sai in danna *303# in ci bashi. In na nemi na naira 1,000 sai a ba ni na 850, ranar da na sa kati kuma a cire 1,000 cif. Wani abokina ya ce wannan riba ce tsantsa. Sannan akwai tsohon layina da ake bi na bashin 2,000, na ajiye shi na koma wani kamfanin saboda datarsu ta fi araha. Ni a ganina abin da wancan kamfanin ya zuƙe mini na data ya ninka 2,000. Shin akwai laifi a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya a kan abin da mutane da yawa suke ganin bai kai a tambaya ba. Abokin naka ma ba da ka ya yi magana ba, domin akwai malaman wannan zamani da suka tafi a kan abin da ya faɗa. Hujjarsu ita ce ƙa'idar nan da ta shahara, cewa duk rancen da ya jawo wa mai bayarwa wani amfani riba ne. Lafazin bai inganta daga bakin Annabi (SAW) ba, amma malamai sun haɗu a kan ma'anarsa, har Ibnul Munzir ya hakaito ijma'i cewa mai ba da rance in ya sharɗanta ƙari, to karɓar ƙarin riba ce. Suka ce ga shi an ba ka 850 an karɓi 1,000, kamfanin ma da bakinsa ya kira abin bashi, me ya rage?

Amma abin da ya fi ƙarfi a wurina, kuma shi nake ba da fatawa da shi, shi ne wannan mu'amala ciniki ce da aka jinkirta biyan kuɗinta, kuma ta halatta. Dalili kuwa, shari'a tana duba haƙiƙanin abin da aka ƙulla ne, ba sunan da aka laƙaba masa a talla ba. To mu duba, me kamfanin ya miƙa maka? Bai tura naira 850 cikin asusunka na banki ba. Dama ya ba ka ta yin magana na wasu mintuna, ko ta shiga intanet gwargwadon wani awo, a kan turakunsa da na'urorinsa. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira manfa'a, kuma ita ce hajar kamfanin, ita yake sayarwa tun farko. Adadin da kake gani a fuskar wayarka ma'auni ne na wannan damar. Shaidar haka, je ka wurin mai shinkafa a kasuwarku ka ce zai karɓi katin waya a madadin kuɗin buhu, ka ji abin da zai ce maka. Su kansu masu sayen kati su ba da tsabar kuɗi ba sa sayensa a kan adadinsa, sai sun rage, domin sun san haja suke saya.

Idan ya tabbata haja ce, to sayar da haja bashi a kan farashin da ya ɗara na hannu da hannu halal ne a wurin jumhurun malamai, da mazhabobi huɗu. Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275: "Kuma Allah Ya halatta ciniki, Ya haramta riba." Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha (RA) cewa Annabi (SAW) ya sayi abinci bashi a wurin wani Bayahude, ya jinginar masa da sulkensa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a shekarar 1990, ta yanke cewa ya halatta farashin ajali ya fi na nan take, amma bai halatta a ɗora wa mai saye wani ƙari ba saboda ya makara wurin biya. Kai kanka ɗan kasuwa ne, ka san bambancin farashin wanda ya zo da kuɗinsa a hannu da na wanda zai ɗauki kaya sai ƙarshen wata.

A bashin data maganar ta ma fi fitowa fili, tunda gigabayit ake ba ka, ka biya da naira. Jinsi biyu ne mabambanta, babu ta inda za a ce kuɗi ne aka canza da kuɗi.

Wani ɗalibi mai lura zai iya cewa, to ai cinikin ajali sai an san ranar biya, nan kuwa an ce sai ranar da ka sa kati, wa ya san ranar? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ita ce ta fi sa ni jinkiri a mas'alar. Amsar ita ce kuɗin ya hau kanka tun daga lokacin da ka danna amincewa, kamfanin ne ya zaɓi ya saurara maka zuwa sa katinka na gaba, kuma rashin sanin ranar ba ya canza farashin ko da kwabo, ba ya kuma jawo jayayya tsakaninku. Malikiyya sun halatta ciniki zuwa lokacin girbi duk da ba a san takamaimiyar ranarsa ba, saboda al'ada ta san shi. Tirmizi da Nasa'i kuma sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya aika a sayo masa tufafi biyu bashi zuwa lokacin da zai samu yalwa.

Sai dai wannan halaccin yana tsaye ne a kan abu biyu, in ɗaya ya faɗi hukuncin ya canza. Dole ka san abin da za a ba ka da abin da za a cire tun kafin ka amince, kuma dole adadin ya tsaya inda yake ko ka yi kwana biyu ko wata biyu ba ka biya ba. Duk ranar da wani kamfani ya ce in ka wuce mako za a ƙara maka wani abu, to wannan ita ce ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya sauka a kanta, ko ka biya ko a ƙara. A nan ne kuma nake jan kunnen 'yan'uwa game da manhajojin rance da suka cika wayoyi, waɗanda suke tura tsabar kuɗi cikin asusu su karɓi fiye da haka. Kada wani ya ɗauki wannan fatawa ya kai ta can. Haka in ka ce wa mai shagon unguwarku ya tura maka katin 500 ka ba shi 550 gobe, ciniki ne. In kuwa ka ce ya tura maka naira 500 a asusu ka ba shi 550 gobe, riba ce, ko da kati za ka saya da kuɗin.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, yana da lada a kan tsantseninsa, saboda hadisin Hasan ɗan Ali (RA): "Bar abin da yake sa ka kokwanto zuwa abin da ba ya sa ka kokwanto." Amma kada ya kira ɗan'uwansa maciyin riba a kan mas'alar da malamai suka saɓa. Ni kuma ina ba ka shawara a matsayin ɗan'uwa: in kana cin bashin 1,000 kowane mako, 150 ɗin nan da ake cirewa ta zama 7,800 a shekara. Mutumin da wayarsa ita ce shagonsa ya kamata ya sa kati tun da safe kamar yadda yake buɗe rumfa.

Yanzu sai maganar tsohon layinka, kuma ita ce ta fi damu na, domin kai tambayarka ta fi karkata ga ta farko, alhali haɗarin yana ga ta biyun.

Komawa wani kamfani ba laifi ba ne ko kaɗan. Haƙƙinka ne ka nemi inda ya fi maka sauƙi, kuma gasar da ke tsakanin kamfanonin nan rahama ce ga talaka. Waɗanda suka riski farkon zuwan wayar salula Najeriya a 2001 sun san yadda ake cajin mutum kuɗin minti guda cur ko da daƙiƙa biyar ya yi, har sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi dole. Tun 2013 kuma hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta ba da damar mutum ya koma wani kamfanin da lambarsa. Musamman bayan ƙarin farashin da hukumar ta amince da shi a Janairun 2025, wanda ya kai kashi 50 cikin ɗari, babu wanda zai zargi mai neman araha.

Amma 2,000 ɗin nan tana wuyanka. Ka karɓi haja, ka yi amfani da ita, ka yi alkawarin biya. Cire layi daga waya ba ya cire bashi daga wuya, kuma girman kamfani ko yawan dukiyarsa ko addinin masu shi ba ya halatta dukiyarsa. Kamfanonin nan ma akwai dubban masu hannun jari a bayansu, cikinsu har da masu ƙaramin ƙarfi. Annabi (SAW) ya ce: "Taurin bashin mawadaci zalunci ne," kuma ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Bai ware ƙaramin bashi ba.

Batun cewa sun zuƙe maka data, ban ƙaryata ka ba, kuma in kamfani ya cire wa mutum abin da bai yi amfani da shi ba, ko ya sa shi cikin wani tsari da bai nema ba yana yankar masa kuɗi, to ya ci haram kuma zai amsa. Sai dai malaman da suka halatta wa mutum ya ɗauki haƙƙinsa da hannunsa, bisa hadisin Hindu matar Abu Sufyan, sun yi magana ne a kan haƙƙin da ya tabbata kuma aka san adadinsa. Naka zato ne. Ba ka san nawa ba ne, kuma sau da yawa wayar ce da kanta take shan data, manhajoji suna sabunta kansu cikin dare, bidiyo yana buɗe kansa a Facebook da TikTok, hotuna suna sauka a WhatsApp ba a nema ba. Ba a biyan tabbataccen bashi da haƙƙin da ake zato. Ga kuma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito: "Ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka." In kana da ƙorafi na gaskiya, kira kamfanin a 300, in ba su share maka hawaye ba ka kai kuka NCC a 622, kyauta ne.

Abin da za ka yi shi ne ka mayar da layin cikin waya ka sa masa katin 2,000 su cire abinsu, daga nan in ka ga dama ka ajiye shi har abada. In layin ya riga ya mutu ko an ba wa wani lambar, kada ka tura kati a kanta, domin aljihun wani zai shiga. Ka je ofishinsu da lambar ka nemi hanyar biya. In sun ce sun yafe ko sun share bashin, ka kuɓuta. In kuwa ka yi iya ƙoƙarinka babu hanyar isar da kuɗin gare su, ka yi sadaka da 2,000 ɗin da niyyar masu haƙƙin, tare da istigfari a kan jinkirin da ka yi.

Wallahu a'alam.