Tambayi Likita: Abinci, Kuzari da Wasan Yara

Tambaya: Likita, ni malamar firamare ce a Zariya. Da na fara darasin abinci mai gina jiki sai 'yan aji huɗu su kama hamma. Ina mafita?

Amsa: Malama, ki fitar da su filin wasa. Ki zana da'ira uku a ƙasa: ta masu ba da ƙarfi, ta masu gina jiki, da ta masu kare jiki daga cuta. Ki rubuta sunayen abinci a 'yan takardu, irin su gero, doya, wake, ƙwai, zogale da mangwaro, kowane yaro ya zari ɗaya ya ruga da'irar da ta dace. Wanda ya ci karo da gyaɗa zai tsaya yana rarraba ido, don tana da mai kuma tana gina jiki. Kada ki yi saurin ba shi amsa, ki bar su su yi gardama tukuna.

Sannan kowa ya dafa ƙirjinsa ya ji bugun zuciya, a yi tsallen igiya ko langa na minti ɗaya, a sake dafawa. Ki tambaye su daga ina ƙarfin ya fito. Wani zai ce daga kokon safe da ƙosai, kuma ya yi daidai. Masu wayon cikinsu za ki iya faɗa musu cewa giram ɗaya na sitaci yana ba da kalori 4, na mai kuwa 9; kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ce su yi gudu don su ƙona abin da suka ci. Yaro ko yana barci jikinsa na cin makamashi, ƙwaƙwalwa na aiki, ƙashi na tsawo. Kuma kada a auna nauyin kowa a gaban 'yan aji.

Tambaya: Ɗana mai shekara 11 kullum sai ya sha lemon kwalba, wai ai yana buga ƙwallo.

Amsa: Ƙwallon ya ci gaba da bugawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 a rana. Amma Alhaji, ka ɗebo sukari ƙaramin cokali tara ka zuba a kofi a gabansa, ka ce masa kusan abin da ke cikin kwalba ɗaya ke nan. Gudu ba ya wanke haƙori. Bayan wasa a ba shi ruwa, da ayaba ko fura da nono mara sukari.

Tambaya: 'Yata jiri take ji a lokacin motsa jiki a makaranta, kuma ba ta son karin kumallo.

Amsa: Hajiya, ko kunun gyaɗa ne ta sha kafin ta fita, ta kuma riƙe gorar ruwa. In jirin bai daina ba, ko kika ga cikin idonta ya yi fari, ko tana haki da ɗan ƙaramin gudu, ki kai ta asibiti a auna jininta. In ta taɓa suma a fili, ta dakata da wasan sai likita ya duba ta.