Zan Buɗe Reshen Gidan Tsirena a Akara: Yaya Zan Horar da Ma'aikatan Can?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan tsire da abinci a Agege, shekara 11 ke nan, da ma'aikata 14, galibinsu yaran gida ne da na ɗauko daga Arewa. Wani aminina mazaunin unguwar Nima ya samo mana shago a Akara, babban birnin Gana. Shin in kwashi yarana mu tafi, ko in ɗauki 'yan can? Idan 'yan can zan ɗauka, ta yaya zan koya musu har tsiren ya fito irin na Agege?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a buɗe a sa'a. Rabin farko na tambayarka doka ta riga ta amsa shi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Gana ba tare da biza ba har kwana 90, amma izinin shiga daban, izinin aiki daban, kuma na biyun sai an nema a hukumar shige da fice ta ƙasar. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta ɗaura adadin baƙin ma'aikatan da kamfani ke samu kai tsaye a kan yawan jarinsa, daga mutum ɗaya zuwa huɗu, ta kuma sa wa baƙo mafi ƙarancin jarin da zai shigo da shi. Ka sa lauyan can ya duba maka matsayin dokar a yau kafin ka biya kuɗin haya. Ko ta yaya dai aka juya, yawancin masu tsayawa a gaban wutarka 'yan Gana ne za su kasance.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka saba koyar da sana'a. Yaro yana zuwa wurinka ya shekara yana wanke faranti da hura gawayi, yana kallon yadda babban mahaucinka ke fere nama, har wata rana a miƙa masa wuƙa. Wannan hanya tana fitar da gwanaye, amma tana cin shekaru, kuma ta dogara da zama a inuwar maigida. Ma'aikacin da ka ɗauka a Akara albashi ya zo nema, ba ya kwana a shagonka, ba zai kuma jira shekara biyu kafin a ba shi tsinke ba. Saboda haka aikin farko a Agege za a yi shi: sai an fitar da abin da ke cikin kanka da hannun mahaucinka, an mayar da shi abin aunawa.

Ka ware mako biyu, ka ajiye sikeli kusa da katakon yanka. A auna nauyin naman da ke hawa tsinke ɗaya, a duba kaurin yankan, a ƙirga cokali nawa na yaji da man gyada kilo ɗaya ke ci, a sa agogo a ga minti nawa tsinke ke yi a gefen wuta kafin a juya shi. Mahaucinka zai ce shi da ido yake ganewa, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai idonsa ba zai iya zama a Legas da Akara a lokaci guda ba. A ɗauki kowane mataki a bidiyo da waya, gajere, hannu da wuƙa kawai, a kuma buga hotuna a manna a bangon kicin. Sirrin haɗin yajinka kaɗai za ka riƙe, mutum ɗaya amintacce ya riƙa haɗa shi.

Bayan haka ka ɗauki 'yan Gana biyu, ka cika musu ƙa'idar zama da aiki a nan, su yi wata biyu ko uku a Agege, su ga cunkoson bayan Magariba, lokacin da mutum goma ke miƙo kuɗi a tare. Ɗayansu shi za ka shirya ya zama shugaban reshe, kuma ka faɗa masa hakan tun farko. Wanda za ka tura daga nan ka zaɓe shi don haƙurinsa da iya bayani, ko da akwai wanda ya fi shi iya gashi. Ya nuna aikin sau ɗaya a hankali yana faɗin dalili, ya bar mai koyo ya yi yana maimaita dalilin da bakinsa, ya gyara masa nan take ba tare da tsawa a gaban masu saye ba, sannan ya riƙa janye jiki. Ka kuma yanka masa ranar dawowa. Na sha ganin an tura ɗan'uwa da sunan koyarwa ya rikiɗe ya zama mai gadin akwatin kuɗi, ma'aikatan gari suka fahimci ba za a taɓa yarda da su ba, masu hazaƙar cikinsu suka tafi da abin da suka koya.

Kada Hausar da ake yi a unguwannin Nima da Mamobi na Akara ta sa ka zaci kana gida. Masu saye da yawa da harshen Tuwi ko Ga ko Turanci za su yi maka magana, tsiren ma cincinga suke kiransa. A wannan fanni ma'aikatanka ne malamanka: su suka san yawan barkonon da bakin mutanen gari ke ɗauka, da abin da ake haɗa nama da shi, da lokacin da kasuwar dare ke tashi. Ka bayyana musu abin da ba a taɓawa, wato yankan halal, tsabta da awon tsinke, sauran kuma ka saurare su. Biyan kuɗi a can ya fi tafiya ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar salula, don haka mai karɓar kuɗi ya koyi tabbatar da shigarsu a wayar shago, kada ya dogara da saƙon da mai saye ya nuna masa, kamar dai yadda kuke kaffa-kaffa da alat na bogi a nan.

Horo ba ya zama idan wanda aka horar bai zauna ba. Ka ba kowa takardar ɗaukar aiki, ka yi masa rajista da hukumar fansho ta SSNIT, inda kai za ka zuba kashi 13 cikin ɗari na albashinsa, shi kuma a cire masa kashi 5.5, ka kuma tabbatar kowane mai taɓa abinci ya yi gwajin lafiya ya karɓi takardarsa daga hukumar birni. A watanni shida na farko ka riƙa zuwa da kanka kowane wata, wani lokaci ba da sanarwa ba, ka sayi tsinke biyu ka ɗora a sikeli, ka ci, sannan ka zauna da shugaban reshen ku duba littafin ciniki tare.